Wai mene ne "shirinkin" da masu gyaran bodin mota suke ta faɗa?

Kwanan nan duk bidiyon gyaran bodin mota da ka buɗe sai ka ji an ce "yanzu za mu yi shirinkin", kuma abin da ke ɓata min rai rabinsu kumburin kawai suke dankara wa guduma ya koma ciki, su ce sun yi. Wallahi wannan ba shi ba ne.

Fallen ƙarfen jikin mota ba shi da kauri, yawanci bai wuce milimita 1 ba. In aka buge shi ya lotsa ba lanƙwashewa kaɗai yake yi ba, miƙewa yake, wurin ya ƙara faɗi ya rage kauri. To ka ga ko ka fito da lotsawar tsaf akwai rarar ƙarfe da ba ta da wurin zama, shi ya sa in ka danna da yatsa sai ya shige, ka saki ya dawo kamar murfin gwangwani. Shirinkin shi ne tattara wannan rarar a tsuke ta, faɗin ya ragu kaurin ya dawo.

Inda yaran gareji suka fi ruɗewa shi ne wajen doli, ƙarfen nan da ake tokarewa ta baya. In guduma ta sauka daidai kan dolin ka ji ƙarar nan mai kaifi, matse fallen ake yi tsakanin ƙarfe biyu, wato ƙara miƙa shi kake, kai kuma kana murna aiki na tafiya.

Shirinkin na wuta kuwa, ana gasa ɗan wuri kamar faɗin farcen babban yatsa har ya yi ja. Wurin yana son buɗewa amma ƙarfen da ke kewaye da shi da sanyinsa ya hana, sai ya tudo, kai kuma ka bi gefensa da bugu a hankali kana koro ƙarfen zuwa tsakiya tun yana da taushi, in ya huce sai ya janyo na kusa da shi, wasu ma suna ɗora jiƙaƙƙen tsumma. Ba a yin wannan da ka a kan alminiyom, shi ba ya yin ja, a wajen digiri 660 na ma'aunin Celsius narkewa kawai zai yi ka ga rami. A bakin falle kuma ko wuta ba a buƙata, ana tattare shi ya yi ƙananan ninki sannan a kwantar da su da gudumar katako.

Ita kuwa gudumar nan mai haƙora da ake sayarwa da sunan ta shirinkin, ni a ganina tabon da take bari ya fi tsukewar da take yi yawa, daga nan sai a lafta fila, kwaɓin nan da ake cike lotsawa da shi kafin fenti, a rufe, fila kuma a kan ƙarfen da ke motsi tsagewa take yi.