Koromogae: Ranar da Japanawa Ke Sauya Tufafinsu a Tare

Akwai wata safiya a ƙasar Japan da launin gari ke canjawa. Jiya 'yan makaranta suna cikin fararen riguna masu gajeren hannu, yau kuma tashar jirgin ƙasa ta cika da kwat baƙi da shuɗi mai duhu. Ranar 1 ga Oktoba ke nan, kuma sunan al'adar koromogae, wato sauya tufafi.

Yaushe ake wannan sauyi, su wa kuma ya shafa?

Sau biyu ake yi a shekara. Ranar 1 ga Yuni a shiga kayan zafi, ranar 1 ga Oktoba a ajiye su a ɗauko masu nauyi. Ya fi fitowa fili a makarantun sakandare da wurin masu kayan sarki irin 'yan sanda, amma har cikin gidaje ana kwashe kayan bazara daga durowa a jera na sanyi. A tsibiran Okinawa da ke can kudu, inda zafi ke daɗewa, akan shiga kayan zafi tun Mayu, ba a ajiye su sai Nuwamba.

Sauyin Oktoba yana faɗowa ne a lokacin Satumba zuwa Nuwamba, sa'ad da iska ke sanyaya, ganyaye su yi ja, manoma su yanke shinkafa. Don haka idan na kira shi kaka ban yi nisa ba, tunda su ma lokacin girbinsu ne.

Daga ina al'adar ta samo asali?

Daga fadar sarki, a zamanin Heian (794 zuwa 1185), kuma daga ƙasar Sin aka aro ta. Mutanen fada suna sauya tufafi ranar farko ta wata na 4 da ranar farko ta wata na 10 a tsohuwar kalandarsu mai bin wata. Daga baya har labule da kayan ɗaki aka riƙa sauyawa.

A zamanin Edo (1603 zuwa 1868) abin ya ƙara tsauri. Gwamnati ta yanka wa mayaƙan samurai ranaku huɗu. Ranar 1 ga wata na 4 a sa riga mai shafi. Ranar 5 ga wata na 5 a koma mara shafi, mai shan iska. Ranar 1 ga wata na 9 mai shafi ta dawo, amma kwana takwas kacal take yi, domin ranar 9 ga watan ake shiga riga mai cushe da auduga tsakanin yadi da shafi, a zauna cikinta har sanyi ya wuce. Talakawa ma suka bi. Ku tuna yadi na da tsada a lokacin, yawancin gidaje ba su da riguna kala-kala. Matan gida ne ke warware ɗinkin riga guda, su cusa auduga idan sanyi ya zo, su cire ta idan ya tafi. Wannan aiki ya bar alama har a sunayen mutane: akwai sunan iyali da ake rubutawa da haruffan "ranar ɗaya ga wata na huɗu" amma a karanta shi Watanuki, ma'ana cire auduga. Wannan ɓangaren tarihin ya fi taɓa ni, don bayan dokar fada akwai mace zaune da allura tana lissafin kwanaki.

Ranakun Yuni da Oktoba sun zo ne a zamanin Meiji, bayan Japan ta karɓi kalandar Miladiyya a 1873 kuma ma'aikatan gwamnati da sojoji suka shiga ɗinkin Turawa. Daga nan makarantu suka ɗauka.

To masu sa kimono, rigar gargajiyar Japan, fa, su ma ranar 1 ga Oktoba suke bi?

Tasu ƙa'idar ta fi daki-daki. Daga Oktoba zuwa Mayu ana sa awase, kimono mai shafi. A Yuni da Satumba sai hitoe, wadda ba ta da shafi amma yadinta ba shara-shara ba ne. A Yuli da Agusta, tsakiyar zafi, ake sa masu shara-shara da ake kira ro da sha. Ke nan Satumba wata ne na tsaka-tsaki: an fita daga kayan bazara, ba a kai ga na sanyi ba. Ita kuwa yukata, rigar auduga ta bukukuwan bazara da kallon wasan wuta, lokacinta na ƙarewa da ƙarewar zafi, sai dai a masaukan gargajiya inda baƙi ke sa ta duk shekara.

Zanen da ke jikin yadi ma yana da lokacinsa. Na kaka su ne jan ganyen momiji, furen kiku, mazari, da doguwar ciyawar susuki. Kuma ƙa'ida ita ce a ɗan riga lokaci. Mace mai sanin ya kamata za ta sa zanen jan ganye tun ganyen waje bai gama rinewa ba. Wadda ta fito da zanen furen da ya riga ya kaɗe, an ce ta makara.

Me ya sa makara ta fi gaggawa muni a wurinsu?

Saboda a ganinsu tufafi na mai kallo ne kamar yadda yake na mai sawa. Wanda ya gan ka cikin launin kaka a ƙarshen zafi, ka yi masa albishir cewa sauƙi na tafe. Yadi mai shara-shara a Agusta yana sanyaya idon wanda ke gabanka, amma a Oktoba sai ya sa shi jin sanyi a madadinka. Wannan tunani na burge ni ƙwarai. Mu ma mun san shi ta wata fuskar, domin babu wanda zai je ɗaurin aure da kayan da ya dawo gona da su ya ce ai jikinsa ne.

Idan ranar ta zo kuma zafi bai sauka ba?

Nan ne al'adar ke shan matsi yanzu. Bazarar Japan sai ƙara zafi take yi, tana kuma jan ƙafa. Ranar 5 ga Agusta 2025 an auna digiri 41.8 a garin Isesaki, mafi zafi da aka taɓa aunawa a ƙasar, kuma a Tokyo ranakun Satumba da yawa kan haura digiri 30. Zafin nasu mai laima ne, gumi ba ya bushewa.

Makarantu da dama suna ba da mako ɗaya ko biyu kafin ranar da bayanta, ɗalibi ya zaɓi wanda zai sa, wasu kuma sun bar wa ɗalibai zaɓin gaba ɗaya. Masu kimono ma da yawa suna jan hitoe har cikin Oktoba, in ba wurin biki mai tsauri za su ba. Ina tare da su. Bai kamata a cusa yaro cikin kwat mai nauyi yana zufa a aji don kawai kalanda ta juya ba. An sa ranar ne don ta dace da yanayi, in yanayin ya matsa sai ranar ta bi shi.

A ofisoshi fa?

A 2005 Ma'aikatar Muhalli, lokacin Yuriko Koike na minista, ta fito da shirin Cool Biz: a bar sanyin ofis a digiri 28, ma'aikata su zo aiki ba kwat ba laktaye. Da farko daga Yuni zuwa Satumba ne, aka faɗaɗa shi bayan girgizar ƙasar 2011 da ta jawo ƙarancin lantarki. Saboda haka dawowar laktaye a wuyan ma'aikata ita ma alamar kaka ce.

Japan kaɗai ke da irin wannan ƙa'ida?

A'a. A Amurka akwai tsohuwar magana cewa ba a sa farin kaya bayan Ranar Ma'aikata, Litinin ta farko a Satumba, ko da yake kaɗan ne ke kula ta yau. Da can kuma 15 ga Satumba ce ranar ƙarshe ta sa malafa ga maza. A 1922 samari a New York suka fara fizge malafun mutane suna tattakewa tun ranar ba ta zo ba, abin ya zama tarzoma, aka kama wasu, wasu suka kwana a asibiti.

Yaya ake adana kayan bazara?

Da wanki ake farawa, ko da rigar sau ɗaya aka sa ta, domin gumin da ido bai gani ba shi ke zama rawaya a wuya da hammata bayan watanni. A zaɓi ranar da ba laima, a shanya a inuwa har kaya su bushe ƙarau, in ba haka ba fumfuna ta kama su. Maganin asu, kafur ne ko na kanti, a saman kaya ake ɗora shi saboda tiririnsa ƙasa yake sauka, kuma ba a haɗa iri biyu a akwati ɗaya. Kimono mai tsada akan naɗe ta cikin takarda ta musamman a sa a durowar katakon kiri, wanda ke kare kaya daga laima.

Ɗalibinmu da ya je karatu can, me ake sa ran ya yi?

Ba wanda zai tare ka a hanya don ka sa gajeren hannu a Oktoba, kuma yawancin jami'o'i ba su da kayan makaranta. Amma idan za ka ganawar neman aiki ko wani taro na hukuma, ka dubi abin da mutanen wurin suka sa, ka tafi da kwat ko da a hannu za ka riƙe shi. Kaftani da babbar riga suna da mutunci a wurin biki, sai dai shadda ba ta tare iskar Nuwamba, don haka ka sa rigar sanyi mara kauri daga ciki. Ka kuma lura da safarka. Ana cire takalmi a gidaje da wasu wuraren cin abinci, kuma taka tabarmar tatami ta mai gida da ƙafa ba safa rashin ladabi ne, ko da rani ko da kaka. Ka ajiye safa mai tsabta guda a jakarka.