Ba kowane ƙurji bayan zazzaɓi ne baƙon dauro ba

A Sakkwato, da zarar yaro ya yi zazzaɓi sannan ƙuraje suka feso masa, sai kaka ta ce baƙon dauro ne, a rufe shi a ɗaki, kar ruwa ya taɓa shi. Sau da yawa ba shi ba ne. Akwai wata cuta da likitoci ke kira roziyola, ƙwayar bairos ce ke kawo ta, ta fi kama yara 'yan wata 6 zuwa shekara 2.

Ku lura da lokacin fitowar ƙurajen. Roziyola zazzaɓi ne mai zafi, har maki 40 a ma'aunin zafin jiki, na kwana 3 zuwa 5. Sai ya sauka kwatsam, sannan ƙananan ƙuraje su fito a ƙirji da ciki da baya, ba ƙaiƙayi, yaron ma ya koma wasansa. A fatarmu sai an kai shi haske ake ganinsu sosai. Ƙyanda kuwa, wato baƙon dauro, ƙurajenta daga fuska suke farawa, zazzaɓi na kan ganiyarsa, ga tari, ga majina, ga jan ido.

Maganin antibayotik ba ya yi wa roziyola komai. Nono, ruwa, farasitamol gwargwadon nauyin yaro, kuma a yi masa wanka, a zafin nan namu. Tun ranar farko a gwada jininsa don maleriya. In ya yi jijjiga ko ya ƙi shan nono, a tafi asibiti nan take.