Waiwaye: Yadda Wi-Fi ya isa tashar sararin samaniya

Tun ranar 2 ga Nuwamban 2000 mutane ke zaune a Tashar Sararin Samaniya ta Ƙasa da Ƙasa, wadda ke shawagi kimanin kilomita 400 sama da ƙasa. A shekarun farko, babu Wi-Fi da zai haɗa kwamfutocin ThinkPad da 'yan sama jannati ke aiki da su. Sai a 2008 aka kafa na'urorin Wi-Fi na farko a ciki.

Abin da ya fi ba injiniyoyi wahala shi ne siffar tashar kanta. Kusan kowane ɗaki bututu ne na alminiyom. Ɗakin bincike na Destiny da aka haɗa a 2001 tsawonsa mita 8.5 ne, faɗinsa kuwa ya ɗan haura mita 4. Duk wanda ya taɓa leƙa kai cikin tankin ruwa ya yi magana ya san yadda murya ke dawo masa ta kowane ɓangare. Haka siginar rediyo ke yi a can: ta bugi bango ta dawo, wata ta ƙara wa wata ƙarfi, wata ta kashe wata. Kwamfuta na kama sigina a nan, a matsa da ita taku ɗaya ta rasa. Jikin mutum ma yana shanye siginar, ga jakunkunan kaya jibge a bango, ga ƙofofin da ake rufewa.

Ba kuma za a tura ma'aikaci ya je ya gwada ya dawo ba. Shi ya sa injiniyoyin NASA a cibiyar Johnson da ke Houston suka riƙa zana ɗakunan a kwamfuta, suna bin sawun siginar tana karo da ƙarfe, don su san inda ya kamata a maƙala kowace na'ura kafin a ɗora ta a roka. A ganina, nan ne aka yi babban aikin, ko da yake ba kasafai ake ambatonsa ba.

Intanet ya zo daga baya. A Janairun 2010 ɗan sama jannatin NASA T.J. Creamer ya wallafa saƙon Twitter na farko kai tsaye daga tashar, ta hanyar sarrafa wata kwamfuta da ke ƙasa, saboda tsaro. A 2016 aka kai Wi-Fi wajen tashar, sannan a 2019 aka ɗaga saurin sadarwarta da ƙasa zuwa megabit 600 a daƙiƙa, ta taurarin ɗan'adam na TDRS.