Katin rigakafin shawara da yawon jirgin ruwa: abin da doka ta ce ga matafiyi daga Ghana

Tun da harkar yawon shaƙatawa a manyan jiragen ruwa ta fara shiga cikin jama'armu a Accra, musamman 'yan kasuwa da sababbin ma'aurata da matasan da ke haɗa kuɗi domin su kai iyayensu hutu, wasu maganganu biyu suke ta yawo a Nima da Mamobi da Madina game da katin rigakafin zazzaɓin shawara. Ta farko ita ce wai katin yana mutuwa bayan shekara 10, don haka duk mai tsohon kati sai ya sake allura ko ya biya a sabunta masa. Ta biyu kuma ita ce wai mai tafiya ta ruwa ba ya buƙatar katin ko kaɗan, tun da a cikin jirgi yake kwana, sauka kawai yake yi da rana ya zaga gari ya dawo. Duka biyun ba daidai ba ne, kuma ta biyun ta fi ta farkon haɗari, domin ita ce take sa mutum ya yi asarar kuɗin tafiya gaba ɗaya yana tsaye a bakin jirgi da jakarsa a hannu.

Dokar da ake magana a kanta ita ce Ƙa'idojin Lafiya na Ƙasa da Ƙasa na shekarar 2005, waɗanda Hukumar Lafiya ta Duniya take kula da su, suka kuma fara aiki a ranar 15 ga Yunin 2007. Ghana tana cikin ƙasashen da suka amince da su. Rataye na 6, wato ƙarin bayanin da aka liƙa a ƙarshen ƙa'idojin, ya bayyana yadda katin zai kasance, Rataye na 7 kuwa ya keɓanta ga shawara. Wanda abin ya shafa shi ne duk matafiyin da ya fito daga yankin da hukumar ta ce ana iya kamuwa da cutar, da ma'aikatan jiragen da ke tsayawa a tashoshin irin wannan yanki, kuma Ghana tana cikin jerin ƙasashen da ke da irin wannan yanki.

Maganar shekara 10 tana da asali, shi ya sa take da wuyar kashewa. A da haka dokar take. Amma a shekarar 2013 kwamitin masana rigakafi na hukumar ya tabbatar da cewa allura ɗaya tana kare mutum muddin rai, a watan Mayun 2014 babban taron lafiya na duniya ya gyara Rataye na 7, gyaran kuma ya fara aiki a ranar 11 ga Yulin 2016. Daga wannan rana katin yana aiki tsawon rayuwar mai shi, kuma gyaran bai tsaya ga sababbin katuna ba, ya haɗa da waɗanda aka bayar tun kafin nan. Ma'ana, hajiyar da aka yi wa allura a 2009 lokacin da za ta sauke farali, ta ninke katin a cikin tsohon fasfo ta ɗaure da roba ta ajiye a ƙasan akwati, katinta yana nan da ƙarfinsa ko da an rubuta 2019 a gurbin ranar ƙarewa. Babu ƙasar da doka ta yarje wa ta ƙi karɓarsa saboda tsufa, kuma babu wadda aka yarje wa ta tilasta wa mai shi sake allura. Ƙarewar wa'adin fasfo ma ba ta kashe katin, domin da mutum aka ɗaure shi.

Akwai kuma wani abu da nake ganin yana ƙara rikita alhazanmu. Saudiyya tana neman rigakafin sanƙarau ga mai zuwa Hajji ko Umara, kuma wannan yana da wa'adi na gaskiya, shekara 3 ko 5 gwargwadon irin allurar da aka yi. Sau da yawa a cikin ɗan littafi ɗaya ake rubuta su biyun, shafi kusa da shafi, sai mutum ya ji an ce allurarsa ta ƙare ya ɗauka duk abin da ke cikin littafin ya ƙare. Ta sanƙarau ce take ƙarewa, ta shawara tana nan.

Yanzu ga wurin da ya fi buƙatar natsuwa, wato kwana 10 da kwana 6. Katin ba ya fara aiki ranar da aka yi allura, sai bayan kwana 10, saboda jiki yana buƙatar wannan lokaci kafin ya haɗa garkuwarsa. Wanda aka yi wa allura ranar 1 ga wata, katinsa zai fara aiki ranar 11. Idan ya tashi daga Accra ranar 5, doka ba ta hana shi fita ba, amma ƙasar da zai sauka tana da ikon ɗaukarsa tamkar wanda ba shi da kati. Kwana 6 kuwa shi ne tsawon lokacin da dokar ta ɗauka cewa cutar tana iya ɓoyewa a jiki kafin ta bayyana. Ƙasar da take da sauron da ke yaɗa cutar tana iya killace matafiyin da ba shi da ingantaccen kati har zuwa ranar da katinsa zai fara aiki, ko har a cika kwana 6 daga ranar ƙarshe da zai iya yiwuwa ya kamu, duk wanda ya riga zuwa.

A tafiyar jirgin sama, wannan lissafi sau ɗaya ake yin sa. A jirgin ruwan yawo kuwa kowace tasha ƙasa ce mai zaman kanta da nata sharaɗi, kuma kusan kowace safiya jirgin yana wata sabuwar ƙasa. Mu ɗauki wanda ya tashi daga Accra zuwa Durban domin ya shiga jirgin da ke zuwa tsibiran gaɓar Mozambik, hanyar da ta ƙara sauƙi tun da Ghana da Afirka ta Kudu suka cire wa juna biza a watan Nuwamban 2023. Cire biza bai cire katin ba. Afirka ta Kudu tana neman sa ga mai zuwa daga Ghana, Mozambik ma haka. Ko kuma wanda ya nufi tekun Karibiyan ta Miami: Amurka ba ta tambayar katin, sai mutum ya wuce lafiya ya ɗauka ya tsira, alhali Bahamas da Jamaika suna neman sa ga wanda ya fito daga ƙasar da ke cikin jerin, har ma da wanda ya yada zango fiye da awa 12 a filin jirgin irin wannan ƙasa. Wani lokaci ma hanyar jirgin ce da kanta take jawo sharaɗin, domin Kolombiya da Panama da Brazil suna cikin jerin, don haka jirgin da ya tsaya a Kartahena ta Kolombiya kafin ya wuce wani tsibiri yana iya sa a tambayi fasinjojinsa katin, ko daga ina suka fito.

Masu cewa "ai ba zan sauka ba, a cikin jirgi zan zauna" ba su fahimci yadda ake shigar da jirgi tasha ba. Kafin a saki tsani, jami'an lafiya da na shige da fice suna duba bayanan duk wanda ke cikin jirgin, kuma jirgin da ya ɗaura igiya a tasha yana cikin ƙasar ne, sauron gari kuma yana iya shiga cikinsa. Saboda haka kamfanonin jiragen ba sa jira a kai ga wannan matsayi. A teburin rajista, ranar shiga, ma'aikaciya za ta karɓi fasfo ta buɗe katin ta duba suna da ranar allura da hatimi, idan wani abu ya gaza sai ta mayar wa mutum takardunsa, jirgi ya tafi ya bar shi. Sharuɗɗan tikiti a mafi yawan kamfanoni sun ɗora nauyin takardun tafiya a kan fasinja, kuma wanda aka hana shiga saboda rashin takarda ba kasafai ake mayar masa da kuɗinsa ba.

Wannan shi ne hukuncin da ya fi ciwo a aikace, kuma ba a cikin dokar yake ba. Ƙa'idojin 2005 ba su yanka tara ba, ba su kuma ambaci ɗauri ga wanda ba shi da kati ba, saɓanin abin da wasu ke tsorata mutane da shi. Abin da suka tanada shi ne killacewa, ko sa ido a kan matafiyi, ko hana shi shiga idan ya ƙi bin matakin lafiyar da aka nema. Sashe na 40 ya ma hana a caji matafiyi mai wucewa kuɗin killace shi, sai dai ana iya cajinsa kuɗin allurar da aka yi masa a wurin sauka idan ƙasar ta riga ta sanar da sharaɗin. Inda ɗauri yake shigowa shi ne katin jabu. Wanda ya sayi kati mai hatimi ba tare da allura ta taɓa damtsensa ba ya shiga hurumin dokar laifuka ta ƙasa, kuma a Ghana ƙirƙirar takardar jabu da yin amfani da ita laifi ne a ƙarƙashin Dokar Laifuka ta 1960 mai lamba 29. Dillalin da ya ce zai kawo maka kati har gida ba tare da ka je asibiti ba, ba taimakonka ya yi ba.

Ina ganin ya dace mu tuna dalilin da ya sa ƙasashe suke tsananta wannan abu, domin mu a nan ba baƙin cutar ba ne. A shekarar 1927 aka ɗebi jinin wani mutumin ƙasar nan mai suna Asibi, daga ƙwayar cutar da aka samu a jikinsa Max Theiler ya samar da rigakafin da ake amfani da shi har yau, aikin da ya ba shi kyautar Nobel a 1951. Likitan nan ɗan Japan, Hideyo Noguchi, a Accra shawara ta kashe shi a watan Mayun 1928, kuma sunansa ne cibiyar bincike ta Legon take ɗauke da shi. Ko a ƙarshen 2021 cutar ta ɓarke a yankin Savannah ta yi kisa, akasari a tsakanin makiyayan da ba a yi musu rigakafi ba. Ba ta da magani na kanta, kuma cikin waɗanda ta kai su mataki mai tsanani kusan rabi suke mutuwa. Tsibiran Karibiyan suna da irin sauron da ke ɗaukar ta, mutanensu da yawa kuma ba su da rigakafi, don haka mutum ɗaya mai ɗauke da ƙwayar zai iya kunna musu wuta. An ga alamar haka a 2016, lokacin da ma'aikatan da suka dawo daga Angola suka shiga da cutar ƙasar Sin. Ƙaramin tsibirin da tattalin arzikinsa ya dogara ga baƙi yana da hujjar kare kansa, kuma ban ga zalunci a cikin wannan ba.

Inda nake ganin an bar mutane cikin duhu shi ne maganar waɗanda ba za a iya yi musu allurar ba. Ba a yi wa jaririn da bai kai wata 6 ba, da mai tsananin rashin jituwa da ƙwai, da wanda garkuwar jikinsa ta yi rauni ƙwarai, sannan ana taka-tsantsan da mai juna biyu da wanda ya haura shekara 60 bai taɓa yi ba. Doka ta ce likita ya ba irin wannan mutum takardar uzuri da Turanci ko Faransanci, amma abin da ta ce wa jami'an ƙasar da zai sauka shi ne su yi la'akari da ita, ba ta wajabta musu karɓa ba. Suna iya barinsa ya shiga, suna iya sa masa ido, suna iya killace shi. Dattijon da 'ya'yansa suka biya masa tafiya mai tasha biyar yana iya samun amsa daban a kowace tasha, kuma babu mai gaya masa wannan lokacin da ake karɓar kuɗinsa. Kamfanin da ya san hanyar jirginsa watanni kafin tashi, ya kuma ga fasfon Ghana tun ranar rajista, bai kamata ya ɓoye wannan sharaɗi a cikin ƙananan rubutu ba, haka ma ofisoshin shirya tafiya na nan gida da suke cin la'ada. Mai takardar uzuri ya nemi amsar kamfanin jirgin a rubuce, tasha bayan tasha, kafin ya biya ko sisi.

Ingancin katin kansa ma yana da sharuɗɗan da ake yawan sakaci da su. Dole allurar ta kasance wadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da ita, a rubuta kamfanin da ya yi ta da lambar rukuninta, ma'aikacin lafiyar da ya kula da yin ta ya sa hannu da kansa, a kuma buga hatimin cibiyar da aka ba izini. Hatimi kaɗai ba ya maye gurbin sa hannu. Gogewa ko gyara ko barin wani gurbi babu komai yana iya lalata katin, don haka wanda ya ga tsohuwar ranar ƙarewa kada ya ɗauki biro ya gyara da kansa. Kowane mutum da nasa, har yara, kuma uba ko uwa ne yake sa wa yaron da bai iya rubutu ba hannu. Katin awo da ake ba jarirai a asibiti, ko da an nuna a ciki cewa an yi wa yaro allurar shawara yana wata 9, ba shi ne katin tafiya ba, sai an kai shi cibiyar da ke da izini an fitar da na ƙasa da ƙasa. Sunan da ke kan kati kuma ya dace da na fasfo harafi da harafi, abin da ya kamata masu Muhammad a wata takarda da Mohammed a wata su duba tun da wuri.

Wanda katinsa ya ɓace ya fara komawa cibiyar da aka yi masa allurar a duba rajista, idan kuma babu wata shaida sai ya je sashen lafiya na tashoshi da ke ƙarƙashin Hukumar Lafiya ta Ghana, wanda yake da ofis a filin jirgin saman Accra da tashar ruwa ta Tema, likita ya duba ko za a sake masa. Idan an sake, lissafin kwana 10 zai fara ne daga sabuwar ranar da aka rubuta, don haka a yi wannan aƙalla mako 3 kafin ranar tashi, kuma a riƙe katin a jakar hannu tare da fasfo, kada a sa shi cikin akwatin da ma'aikatan tasha za su karɓa a ƙofa.