Waiwaye: Chris Smith da yaƙinsa na sama da shekara 40 da zubar da ciki

Mu nan Najeriya in aka ce Chris Smith, abin da ke faɗo ma mutane a rai shi ne ɗan majalisar nan na Amurka da baya gajiya da maganar ana kashe Kiristoci a Najeriya, wanda ya yi ta matsa lamba a saka ƙasar cikin jerin masu take 'yancin addini. To amma a can gida ba da wannan aka fi saninsa ba. Abin da ya shigo da shi siyasa tun farko maganar zubar da ciki ce, kuma har yau a kanta yake.

A watan Janairun 1973 kotun ƙolin Amurka ta yanke hukuncin Roe v. Wade, alƙalai 7 suka rinjayi 2, aka ce mace na da 'yancin zubar da ciki kafin cikin ya yi ƙwari, jihohi ba su da ikon hanata. Lokacin Smith yana ɗan shekara 19, ɗan ɗariƙar Katolika daga jihar New Jersey. Bayan ya gama jami'a ya riƙe ƙungiyar masu adawa da zubar da ciki ta jihar, kuma abin mamaki a lokacin ɗan Democrat ne, sai daga baya ya sauya sheƙa zuwa Republican. Ya tsaya takarar kujerar majalisar wakilai a 1978 ya sha ƙasa. A 1980 kuwa sa'a ta faɗo masa, domin wanda ke kan kujerar, Frank Thompson, ya faɗa tarkon jami'an FBI da suka yi shiri kamar wakilan wani attajirin Balarabe suna raba ma 'yan siyasa cin hanci, shi ke nan yaro ɗan shekara 27 ya ɗare kujera, mutane na cewa zango ɗaya zai yi ya koma gida, ga shi har yanzu yana majalisar wakilai.

Abin da nake ganin ya kamata a gane shi ne, tunda kotu ta riga ta rufe ƙofar haramtawa, su Smith sai suka koma wajen kuɗi. Hanyar ma ba shi ya fara ta ba. A 1976 wani ɗan majalisa daga Illinois, Henry Hyde, ya cusa wani sharaɗi cikin kasafin kuɗi cewa ba za a taɓa kuɗin gwamnatin tarayya a biya aikin zubar da ciki ba a ƙarƙashin Medicaid, wato inshorar lafiyar talakawa. Kotun ƙoli ta amince da shi a 1980. An bar ƙofa in rayuwar uwa na cikin haɗari, sannan a 1993 aka saka fyaɗe da cikin da aka samu tsakanin muharramai. Matsalar wannan sharaɗi a wajensu ita ce ba dokar dindindin ba ce, duk shekara sai an sake saka shi, shi ya sa Smith ya yi ta kawo ƙudirin da zai mayar da shi na har abada, majalisar wakilai ta amince a 2011 da 2014 da 2015 da 2017, amma duk lokacin da ya isa majalisar dattawa sai ya mutu a can.

Masu sukarsa suna da magana mai nauyi fa. Suna cewa wannan sharaɗi matar talaka kawai yake kamawa, mai kuɗi za ta ciro daga jakarta ta biya. Shi kuma amsarsa kullum ɗaya ce, jaririn da ke ciki mutum ne, kuma bai halatta a tilasta ma mai biyan haraji ya sa hannu a abin da yake ganin kisa ne ba. Shi kansa Joe Biden shekaru da dama yana goyon bayan sharaɗin Hyde, sai a 2019 da yake neman tikitin shugaban ƙasa ya juya.

Ranar 24 ga Yunin 2022 kotun ƙoli ta rushe Roe a shari'ar Dobbs, wadda ta taso daga dokar Mississippi ta hana zubar da cikin da ya wuce mako 15. Maganar ta koma hannun jihohi, wasu kamar Texas suka haramta kusan gaba ɗaya, amma a Kansas, jihar da 'yan Republican ke da ƙarfi, jama'a suka kaɗa ƙuri'a a watan Agusta suka ƙi a taɓa 'yancin.

Inda abin ya taɓo mu kuma ta wajen tallafi ne. Tun 1973 akwai dokar Sanata Jesse Helms da ta hana amfani da tallafin Amurka a zubar da ciki a ƙasashen waje a matsayin hanyar tsarin iyali. A 1984 Shugaba Reagan ya ƙara da nasa, cewa duk ƙungiyar waje da ke yin aikin ko tallata shi, ko da da kuɗinta ne, ba za ta ga sisin Amurka ba. Daga nan abin ya zama kamar wasan langa, Clinton ya cire a 1993, Bush ya mayar a 2001, Obama ya cire, Trump ya mayar ya ma faɗaɗa shi a 2017, Biden ya cire, Trump ya sake mayarwa a Janairun 2025. Alhali mu nan arewa dokar Penal Code dama ba ta yarda da zubar da ciki ba sai don ceton ran uwa.

Sai rigimar PEPFAR, shirin da Bush ya kafa a 2003 wanda da kuɗinsa ake raba maganin cutar ƙanjamau kyauta a asibitoci da yawa na Najeriya. Smith da hannunsa ya ɗauki nauyin ƙudirin da ya tsawaita shirin na shekara 5 a 2018. Amma a 2023 shi ɗin dai ya tsaya kai da fata cewa gwamnatin Biden ta karkatar da shirin wajen ƙungiyoyin da ke goyon bayan zubar da ciki, gwamnatin ta musanta, aka yi ta ja-in-ja har wa'adin ya ƙare a ƙarshen Satumba ba a sabunta ba. Da ƙyar a watan Maris na 2024 aka ba shi shekara 1 kacal maimakon 5 da aka saba.