Dokar kuɗin ruwa ba ta hana asusun Zumunta ba, amma da shekara take lissafi

Ranar Lahadi bayan sujada, dattijuwar da ke riƙe da akwatin asusun Zumuntar Mata ta tare ni a ƙofar coci, ta miƙo mini wayarta. "Ɗana, saurari wannan. Wai duk wadda ta karɓi ko dala ɗaya a kan bashi, gidan kaso za a kai ta." Muryar wani ce a WhatsApp, ba suna, ba gari, yana cewa an kawo sabuwar doka da ta haramta riba, kuma da ƙungiyoyin Kirista za a fara. Kafin yamma mata biyu sun ce a ba su zubinsu su fita.

Ban ga laifinsu ba. Wanda ya ga hayaƙin majami'u a Damagaram ranar 16 ga Janairun 2015, in aka ce masa da shi za a fara, ba ya tsayawa tambayar lambar doka. Sai dai dokar nan ba sabuwa ba ce, ba ta kuma ambaci addinin kowa ba. Doka ce ta bai ɗaya ga ƙasashe 8 masu amfani da sefar Afirka ta Yamma, waɗanda babban bankinsu, BCEAO, ke da reshe a nan cikin gari. Ficewar Nijar daga CEDEAO ba ta taɓa ta ba, tunda har gobe sefa muke kashewa. Ta hau kan banki, ta hau kan ƙananan gidajen lamuni, ta hau kan ɗan kasuwa da ma'aikaci da duk wanda ya ba wani rance.

Rabin ruɗanin daga bakinmu ya fito. A rubuce, ribar da mai tuyar ƙosai ke ci da ribar da ake ɗora wa bashi kalma ɗaya ce. Abin da dokar ta kira laifi da Faransanci shi ne usure, wato kuɗin ruwan da ya haura iyakar da aka yanka. Majalisar ministocin kuɗi ta ƙasashen ce ke yanka iyakar. Daga 1 ga Janairun 2014 ta sauke ta bankuna daga kashi 18 cikin ɗari zuwa 15, ta sauran masu ba da rance kuma daga 27 zuwa 24. Mu da ba banki ba, 24 ɗin ce tamu.

A shekara fa, ba a wata ba. Nan ne ɗan gaskiyar da ke cikin saƙon take, kuma nan Mama ta ajiye wayar ta fara ƙirga da yatsu. Wadda ta ranci jika goma, abin da doka ta yarda a ɗora mata a shekara guda sefa 2,400 ne, wato dala arba'in a wata. Asusun su Mama jika ɗaya yake karɓa duk wata a kan jika goma. A kunne kashi goma ne kawai, a shekara kuwa 120 ne, ninki biyar na iyakar. Sauya wa kuɗin suna ba ya fid da mutum: kuɗin dosiye, kuɗin godiya, la'adar mai haɗawa, duka ana tara su cikin lissafi ɗaya, kuma dokar ta ce a rubuta wannan jimillar. Adashe na zalla, wanda kowa ke zubawa ya kwashi abin da ya zuba, babu ruwansa da wannan magana ko kaɗan.

"To ai kuɗin namu ne, ƙarshen shekara mu muke rabawa," in ji ta. Gaskiyarta. Haka tsarin Mata Masu Dubara yake tun da aka faro shi a yankin Maraɗi a 1991, kuma ya tsamo gidaje da yawa. A ganina wadda ke biyan ruwa ga akwatin da ita ma ke da rabo a ciki ba ɗaya take da wanda ya faɗa hannun mai bashin unguwa ba. Amma yadda aka rubuta dokar, kowane rance ta ce, ba ta ware na 'yan'uwa ba. Wannan giɓi ne, kuma masu rubutun sun fi tuna banki da akwati mai kwado uku.

Hukuncin da ake tsorata mutane da shi yana nan: ɗaurin wata 2 zuwa shekara 2, da tarar sefa 100,000 zuwa miliyan 5, ko ɗaya daga cikinsu. Wanda ya sake, ana iya kai shi shekara 5 da miliyan 15. A lura da wanda ake nufi: mai ba da rancen, da duk wanda ya taimaka yana sane, kamar dillali ko mai rubuta takarda. Wanda matsi ya sa ya ci bashin, dokar kare shi take yi. Abin da aka karɓa a hannunsa fiye da ƙa'ida ana cire shi daga sauran bashin, in kuma ya riga ya gama biya, a mayar masa. Wannan sashen ne mai saƙon murya ya tsallake, alhali shi ne ya fi amfanar talaka. Kuma kotu ce ke yanke hukunci bayan an kai ƙara, ba jandarma ne zai shigo taron mata ya ɗauki akwati ba.

Akwai wani sashe da ya shafi hatsi, wanda ya fi taɓa ƙauyukanmu. Manomi ya karɓi tiya goma ta gero a Yuli, rumbu ya yi fayau, ya mayar da ashirin da kaka. Dokar ta haɗa rancen kaya da sayarwa bashi cikin iyaka guda, amma daraja take aunawa, ba yawan tiya ba. A ce tiya tana sefa 800 a kasuwar Dole lokacin da aka ranta, ta faɗo 400 bayan girbi: mai hatsin zai ce kuɗinsa kawai ya karɓa, kuma ba a banza ya faɗa ba. In farashin bai faɗi haka ba, ninki cikin wata huɗu ya zama kashi 300 a shekara. Shi ya sa rubuta farashin ranar da aka ba da hatsi yake kare ɓangarorin biyu.

Wani dattijon ikilisiya ya ce mini tunda hukuma ta yarda da 24, magana ta ƙare. Na ce, Baba, ga alƙali ta ƙare. Littafi Mai Tsarki bai fara da tambayar kashi nawa ba, da tambayar wa aka ranta wa ya fara. Fitowa 22 ta hana ɗora wa matalauci ruwa, ta ce in ka karɓi mayafinsa jingina ka mayar kafin rana ta faɗi, don da shi zai kwana. Maimaitawar Shari'a 24 ta hana karɓar dutsen niƙa jingina, domin abincin gidan ne aka ɗauke. Duk lokacin da na karanta wannan, malamin kwantiragi nake tunawa, wanda katin bankinsa ke kwana a aljihun mai bashi, albashi na sauka wani ya riga shi cira. Nehemiya bai jira kotu ba, tara manya ya yi ya sa suka mayar da gonakin da suka riƙe. Yesu a Luka 6 ya wuce nan, ya ce a ba da rance ba da sa ran samun kome ba. Babban taron shugabannin ikilisiya na Nikiya a shekarar 325 ya hana ma'aikatan ikilisiya cin ruwa. Kalvin, babban malamin Furotesta, a wasiƙarsa ta 1545, ya yarda da ruwa madaidaici a harkar kasuwanci, amma ban da a kan mabukaci. Wato bashin jari daban, bashin magani daban, dokar kuwa da mudu ɗaya take auna su.

Abin da na ce wa Mama ke nan ta kai wa taronsu na Alhamis. Kada kowa ya janye zubinsa saboda muryar da ba ta da suna. Su buɗe littafi, su mayar da ruwan rancen jari dala arba'in a kan jika goma, su rubuta, kowace ta sa hannu ko ta dangwala. Na asibiti da na kuɗin lakwal kuwa su ware masa ɗan akwati dabam wanda ba ya haihuwa. Ta ce rabon Kirsimeti zai ragu sosai, kuma ta san mata uku da za su yi ƙorafi. Ta ɗaure wayar a bakin zane, ta ce in zo da biro ranar.