Waiwaye: Me ɗan majalisar jiha yake yi mana a Gombe?

Idan aka ɗauko hirar ɗan majalisar jiha a wurin mai shayi a Jekadafari ko Pantami, abin da za ka ji bai wuce wanda ya haƙa rijiyar burtsatse, wanda ya biya wa wane kuɗin asibiti, da wanda ya raba shinkafa da azumi ba. Da wuya wani ya tambayi wace doka Honarabul ya kai zauren majalisa, ko me ya faɗa ranar da gwamna ya ajiye musu kasafin kuɗi. Wannan hali namu yana da asali.

An cire Gombe daga jihar Bauchi ranar 1 ga Oktoba 1996, a mulkin Janar Sani Abacha, kuma jihar ta fara rayuwarta babu majalisa. Gwamnan soja ne ke yin doka, shi ne kuma ke zartarwa. Sai a 1999, lokacin da Abubakar Habu Hashidu ya hau kujerar gwamna, aka rantsar da majalisa mai kujeru 24. Mutanen da suka saba ganin komai yana fitowa daga gidan gwamnati ba su sauya tunani dare ɗaya ba. Su ma 'yan majalisar haka, domin kuɗin tafiyar da majalisarsu daga hannun gwamna yake fitowa. A gyaran tsarin mulki na 2010 an miƙa wa majalisun jihohin Najeriya damar cin gashin kansu ta fuskar kuɗi, amma ba a samu kashi biyu bisa uku na majalisun da suka amince ba. Wannan abu har yau yana ci mini rai. Sai a 2018 Shugaba Buhari ya sa hannu a kan gyaran, aka sake ƙarfafa shi a 2023.

A harkar zaɓe, INEC ce ke shirya na shugaban ƙasa da gwamna da 'yan majalisa, amma zaɓen ƙananan hukumomi na hukumar zaɓen jiha ne. Gwamna ke naɗa shugabanta da mambobinta, majalisa ke tantance su, kuma majalisar ce ke yin dokar da ta tsara yadda ƙananan hukumomi 11 za su gudana. Kenan sau da yawa idan aka ɗora kantomomin riƙo a jihohin ƙasar nan, da sanin majalisa aka yi. Haka ma idan jam'iyya mai mulki ta lashe kowace kujera, kamar yadda APC ta yi a zaɓen Gombe na 2024, kamar kuma yadda ake gani a jihohin da PDP ke riƙe da su, ya kamata a waiwayi waɗanda suka ɗaga hannu suka amince da alƙalan zaɓen. Ranar 11 ga Yuli 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin cewa mulkin kantomomi ya saɓa wa tsarin mulki, kuma a riƙa tura wa ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye.

Lafiya ce inda aka fi ganin amfanin doka da ido. Tun 2001 shugabannin Afirka suka yi alƙawari a Abuja cewa za a ware wa lafiya kashi 15 cikin ɗari na kasafi. A 2014 aka yi dokar lafiya ta ƙasa, wadda ta tanadi aƙalla kashi ɗaya cikin ɗari na kuɗin shigar tarayya don kula da lafiya a matakin farko. Amma jiha ba ta cin moriyar wannan asusu sosai sai tana da hukumar lafiya a matakin farko da hukumar inshorar lafiya, kuma doka ce ke kafa su. Ta wannan hanyar aka samu GoHealth, hukumar inshorar lafiya ta jiha, a Gombe a zamanin Gwamna Muhammad Inuwa Yahaya, tare da shirin gyara asibiti ɗaya a kowace mazaɓar kansila cikin 114. Matar da ta haihu a asibitin unguwa ba tare da mijinta ya sayar da akuya ba, ba lallai ta san cewa wata takarda da aka karanta sau uku a zauren majalisa ce ta share mata hawaye ba. Sai dai gini ba ya ba da magani. Na taɓa kai wata ƙanwata wani ƙaramin asibiti da dare, fenti sabo, amma ma'aikaciya ɗaya tak, tana haska ɗaki da fitilar waya. Sashe na 128 da na 129 na tsarin mulki sun ba majalisar jiha ikon kiran kwamishina ta bincike shi a kan irin wannan, kuma aikin kwamitin lafiya kenan.

Muhalli kuwa, duk ɗan Gombe ya san kwari. Garin yana zaune a gangare, ƙasarsa yashi ce, ruwan sama na saukowa da ƙarfi daga tudu, ga gine-gine a kan hanyar ruwa, ga leda ta toshe magudanai. Mutanen Malam Inna da Kagarawal sun ga yadda zaizayar ƙasa ke cin gida tun daga katanga har ɗakin kwana. Manyan ayyukan tare kwari sun zo ne da tallafin Bankin Duniya, ta shirin NEWMAP, daga baya ACReSAL, sannan a 2019 jihar ta ƙaddamar da dashen itatuwa na Gombe Goes Green. Waɗannan shirye-shirye suna da ranar ƙarewa. Bayan sun tattara kayansu, kuɗin yashe magudanai, albashin masu gadin daji, da hukuncin mai sare itace don gawayi, duk sai sun bi ta hannun mutum 24 ɗin nan a kasafin kowace shekara. A can ne nake son jin muryar wakilin mazaɓata kafin damina ta sake faɗuwa.